Hannu da Kunnen Mai Awon Hawan Jini

A duk ayyukan asibiti da wuya a sami wanda ake maimaitawa kamar awon hawan jini, kuma da wuya a sami wanda aka raina kamarsa. Shi ake fara danƙa wa ɗalibin jinya ranar da ya soma shiga ɗakin marasa lafiya, shi ake tura ɗalibin likitanci ya yi kafin babban likita ya iso zagaye. Kowa gani yake ya iya. Alhali lambobi biyun nan da ake rubutawa a kati, ɗaya bisa ɗaya, su ne za su sa a ɗora mutum kan magani har ƙarshen rayuwarsa, ko a sallame shi ya koma gida cuta na cinsa a ɓoye. Su ne za su sa a ba mai ciki gado yau, ko a ce mata ta dawo awo wata mai zuwa. Shi ya sa nake ganin girman mutanen da suka riƙe wannan aiki hannu bibbiyu, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan jinya da ungozomomi, waɗanda in suka rubuta 148/94 likita zai yanke hukunci a kai hankalinsa kwance.

Ka tsaya bayan irin wannan sista da safe, lokacin da benci ya cika. Dattijo ya shigo yana haki. Daga ƙauye ya taho a bayan babur, ya sha layi wajen yankan kati, ga fargabar asibiti. Ɗalibi da zafin nama zai cafke hannunsa nan take. Ita kuwa ko kallon ma'aunin ba ta yi.

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna ka huta tukuna. Jingina bayanka sosai, sauke ƙafar nan ƙasa. Yaya aka baro mutanen gida?"

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka hira ce ta ɓata lokaci. Minti biyar take nema, don zuciyar da tafiya ta tayar ta koma daidai. Cikin gaisuwar take cusa tambayoyinta: "Baba, an ci goro da safen nan? An sha shayi? Ana shan taba? Ko kana jin fitsari ka fara zagayawa?" Goro na ɗauke da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi, kuma shi da taba duk suna ɗaga jini na ɗan lokaci, saboda haka ake so a sami tazarar minti 30 tsakaninsu da awo. Cikakkiyar mafitsara kaɗai tana iya ƙara wajen maki 10 a lambar sama. Magana ma haka. Don haka da zarar ta ɗaura maɗaurin, ita da ta buɗe hirar ita ke rufe ta: "To yanzu shiru, Baba, sai na gama."

Sai batun tufafi, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika daɗewa a kansa ba, amma mu a nan kullum sai an yi shi. Mutum ya zo da babbar riga da 'yar ciki, ko kaftani mai tsukakken hannu. In aka nannaɗe hannun rigar sama ya shaƙe damtse, an ɗaura maɗauri na biyu ke nan wanda ba ya cikin lissafi. In aka ɗaura a kan yadi mai kauri, sautin da ake nema ya dushe. Gwanar takan ce a zare hannun daga rigar gaba ɗaya. In mace ce mai hijabi, ta ja labule kafin ta ce komai, domin wadda ke jin kunya jikinta a ɗaure yake, kuma ɗaurewar jiki tana fitowa a lamba. Daga nan ta shimfiɗa hannun kan tebur, tsakiyar damtse daidai da tsakiyar ƙirji. Wannan lissafin nauyin ruwa ne tsantsa: duk santimita 10 da hannu ya sauka ƙasa da zuciya, ana samun ƙarin kusan maki 8. Hannun da aka bari yana reto a gefen kujera ya isa ya mai da lafiyayye mai hawan jini a kan takarda.

Inda na fi ganin bambancin gwani da ɗan koyo shi ne wajen zaɓen maɗauri. A cikin yadin nan akwai jakar roba, ita ke cika da iska ta danne jijiya. Ana so tsawonta ya zagaye wajen kashi 80 cikin 100 na kaurin damtse, faɗinta kuma wajen kashi 40. In maɗaurin ya yi wa hannu kaɗan, sai an ƙara iska fiye da kima kafin jijiyar ta rufe, lamba ta fito sama da gaskiya. In ya yi yawa, ta fito ƙasa. Wannan tsohon darasi ne. Likitan Italiya Scipione Riva-Rocci, wanda ya fito da ma'aunin zaiba mai maɗaurin hannu a 1896, siririn maɗauri ya yi amfani da shi, faɗinsa bai wuce santimita 5 ba, lambobinsa kuma suna hawa fiye da yadda ya kamata. Sai a 1901 wani Bajamushe, Heinrich von Recklinghausen, ya faɗaɗa shi zuwa wajen santimita 12. Fiye da shekara 120 ke nan da gano wannan, amma har yau ƙananan asibitoci da yawa maɗauri ɗaya tak suke da shi, da shi za a auna ƙaƙƙarfar Hajiya mai kaurin damtse, da shi za a auna tsohon da ya rame har ƙashi. Gwanar ba ta yarda da haka. In babu babba a ɗakinta, takan aika a aro daga wani ɗaki, in kuma bai samu ba ta rubuta a kati cewa da ƙaramin maɗauri aka auna, don mai karantawa ya san yadda zai ɗauki lambar.

Ta ɗaura shi daidai, bakinsa na ƙasa kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tsakiyar robar a kan jijiyar da ta laluba da yatsa a cikin damtse. A nan ɗalibi zai zura abin saurare a kunne. Ita ba ta yi ba tukuna. Yatsunta ta ɗora a wuyan hannu, ta kama bugun jini, ta riƙa matsa ƙwallon robar har bugun ya ɓace, ta lura da lambar, ta sace iskar duka. Wannan zagaye na farko da yatsa ake yinsa, kuma a ganina shi ne matakin da aka fi tsallakewa alhali ya fi kowanne ceton rai. Dalili kuwa, a wasu mutane, musamman tsofaffi masu taurin jijiya, sautin yakan fara, ya ɗauke ɗif na wani tsawo, sa'an nan ya dawo. A ce jinin mutum na sama 190 ne, sautin ya ɗauke tsakanin 170 da 145. Ɗalibin da ya saba hurawa zuwa 160 ya tsaya ya faɗa tsakiyar wannan rami na shiru. Zai ji bugu na farko a 145, ya rubuta 145, ya sallami mutumin da ke dab da shanyewar ɓarin jiki. Yatsa ba ya faɗawa wannan rami, domin bugun wuyan hannu yana nan ko da kunne ya daina ji. Banda haka, yatsan ya riga ya gaya mata ko bugun yana tafiya daidai ko yana tsalle-tsalle, ko mai ƙarfi ne ko siriri.

Yanzu ta sa abin saurare, ta ɗora bakinsa a kan jijiyar ba tare da ta danna da ƙarfi ba, ba ta kuma cusa shi ƙarƙashin maɗaurin ba. Ta hura da sauri zuwa maki 20 ko 30 sama da inda bugun ya ɓace, ta murɗa ɗan makullin iska da babban yatsa da manuni, allura ta fara gangarowa.

Abin da take saurare yana da tarihi mai ban sha'awa. Tun a 1733 wani malamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya ba da labarin yadda ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa 8. Wannan ya nuna akwai matsi a cikin jijiya, amma ba hanya ce da za a bi da ɗan'adam ba. Riva-Rocci ya kawo maɗauri, sai dai da yatsa yake aunawa, lambar sama kaɗai yake samu. A 1905 ne wani likitan tiyata na sojan Rasha, Nikolai Korotkoff, wanda ya yi aiki da masu raunin jijiya a yaƙin Rasha da Japan, ya gabatar da ɗan gajeren rahoto a makarantar likitocin soja ta birnin St. Petersburg. Ya lura cewa jijiyar da aka danne gaba ɗaya ba ta ƙara, wadda take a buɗe ma ba ta ƙara, amma tsakanin biyun akwai sauti. Duk wanda ya taɓa ba lambu ruwa da tiyo ya san abin: ruwa na tafiya a sake ba ka jin komai, ka danne bakin tiyon da yatsa ya fara tsartuwa da ƙara. Jinin da ke kutsawa ta matsattsiyar jijiya haka yake hargitsewa yana dukan bangonta, kuma wannan hargitsi ne kunne ke kamawa.

Sautin hawa biyar ne. Da farko ƙwanƙwasa ce siririya, tak, tak, tak, kuma inda ta fara shi ne lambar sama, wadda ake kira sistolik, matsin da ke cikin jijiya lokacin da zuciya ta matse. Sai ta koma kamar shuu mai laushi, sai ta dawo da ƙarfi da kaifi, sai ta dushe kamar daga nesa, sai ta ɗauke. Inda ta ɗauke shi ne lambar ƙasa, dayastolik, matsin da ya rage lokacin da zuciya ke hutawa tana cika. A wasu masu ciki da yara sautin ba ya ɗaukewa har allura ta kai sifili, a nan sai a ɗauki inda ya dushe, a kuma rubuta cewa haka aka yi. Duk wannan ana jinsa ne a ɗaki mai fanka na kaɗawa, jariri na kuka, janareto na ruri a bayan taga. Kunnen da ya iya tsamo wannan ƙwanƙwasa daga cikin hayaniyar asibitinmu ba a kwana ɗaya aka same shi ba.

Gwanintar yatsu biyun da ke riƙe da makullin iska ita ce a sauke allura maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa, ba tare da tsayawa ko zabura ba. Lissafin a fili yake. Mutumin da zuciyarsa ke bugawa sau 60 a minti, bugu ɗaya yake ba ka a daƙiƙa. In ka saki iska allura na faɗuwa maki 10 a daƙiƙa, to tsakanin bugu da bugu ka tsallake maki 10 ba ka ji komai ba, lambar sama ta ragu, ta ƙasa ta ƙaru. Sai kuma gaskiya wajen rubutawa. Zanen ma'aunin bibbiyu yake tafiya, don haka lamba na iya ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8, kuma bisa ƙa'ida kusan ɗaya cikin biyar ce kawai ya kamata ta ƙare da sifili. Buɗe rajistar awo ka duba. In ka ga shafi guda 120/80, 130/80, 140/90 daga sama har ƙasa, ka san hannu ne ke rubuta abin da ya saba, kunne bai yi aiki ba. Mai 138 da aka cika masa zuwa 140 da mai 144 da aka rage masa zuwa 140 an zalunce su duka biyu. Rajistar gwana cike take da 136/84 da 152/96, lambobi marasa kyan gani amma na gaskiya. Ba ta kuma tsayawa a awo ɗaya. Takan dakata minti ɗaya ko biyu ta sake, a zuwan farko kuma ta auna hannu biyu, ta riƙe wanda ya fi hawa a matsayin na awo daga ranar. Hannun da aka yi wa aikin jijiya don wankin ƙoda ba ta taɓa shi sam.

Samun lamba rabin aiki ne, saura karanta ta. Matsin jini haɗuwar abu biyu ne, yawan jinin da zuciya ke turawa da kuma matsewar ƙananan jijiyoyin da yake bi. Zuciyar babban mutum a zaune tana tura wajen mililita 70 a bugu ɗaya, wajen lita 5 a minti. Ƙoda ce ke riƙe da linzamin dogon zango, ita ke yanke yawan gishiri da ruwan da za su zauna a jiki, ita ke sakin sinadarin renin da ke tayar da jerin sinadaran da ke matse jijiya. Wanda ya riƙe wannan a ka zai gane abin da ya sa tsoho ke zuwa da 170/70: manyan jijiyoyinsa sun yi tauri, ba sa buɗewa su karɓi bugu. Zai kuma gane abin da ya sa saurayi ɗan shekara 22 mai 160/110 ba a miƙa masa magani kawai a ce sai wata, sai an binciki ƙodarsa da fitsarinsa. Mutum 9 cikin 10 masu hawan jini ba a samun sababi guda da za a nuna, amma wannan na goman yana fakewa ne a cikin matasa da waɗanda magani ya ƙi yi musu aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana tabbatar da cutar ne in an sami 140 ko fiye a sama, ko 90 ko fiye a ƙasa, a ranaku biyu mabambanta. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu layin zuwa 130/80 a 2017, kuma ɗalibi zai ci karo da duka biyun a littafi. Akwai wanda ganin farar riga kaɗai ke ɗaga masa jini, a gida lafiya lau. Akwai kuma akasinsa, wanda ya fi haɗari. Gwanar ta san lokacin da za a ce a dawo jibi a sake, ta kuma san lokacin da ba a jira. Mai 180/120 da ke kukan ciwon ƙirji, ko ganinsa ya dushe, ko maganarsa ta karkace, ba ya komawa benci. Tsohon da ke cewa jiri na ɗibarsa in ya miƙe, takan auna shi a kwance ta sake a tsaye, in lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3, ta kai wa likita labari kafin a ƙara masa magani.

A ɗakin awon masu ciki ne wannan gwaninta ta fi tsada. Bayan mako 20 na ciki, 140/90 ba lamba ce da ungozoma ke wucewa ba. Nan take a gwada fitsari, a tambayi ciwon kai, ganin walƙiya-walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska. In ta kai 160/110 an shiga gaggawa, domin abin da ke biyo baya shi ne jijjigar nan da mutanenmu ke kira taune-taune, wadda ta raba gidaje da yawa da matansu. Babban gwajin Magpie da aka wallafa a 2002 ya nuna allurar magnesiyam salfet tana rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi, amma allurar ba ta isa ga matar da aka rubuta wa 130/80 da ka. Haka bayan haihuwa: mai jego da ke da 100/70, lamba mai kyan gani, amma bugunta 120, tafin hannunta sanyi ƙalau, gwana ta san jini ne ke zuba, domin a jikin matashiya bugu ke fara hawa tun kafin matsi ya faɗi.

Ana ta sauya kayan aiki, kuma ban ga laifin haka ba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ana janye ma'aunin zaiba saboda gubarta. Mai allura kamar agogo ya fi sauƙin ɗauka, sai dai faɗuwa ɗaya na iya karkatar da shi, don haka ake so a riƙa gwada shi da wani ingantacce kamar duk wata 6. Na'urar lantarki mai inganci tana kawar da son sifili da raunin kunne, ta kuma ba mutane damar aunawa a gida. Amma ita ba saurare take yi ba, girgizar iska take ji a cikin maɗauri ta yi lissafi, kuma takan ruɗe in bugun zuciya na tsalle-tsalle. Ba ta san Baba ya ci goro ba, ba ta san maɗaurin ya yi wa Hajiya kaɗan ba. Ranar da batir ya mutu a asibitin ƙauye kuwa, wanda ya iya da hannu shi kaɗai ya rage.

Bayan an kwance maɗauri akwai minti biyu da gwanar ba ta yarda su tafi a banza. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya biliyan 1.28 'yan shekara 30 zuwa 79 ke da hawan jini, kuma kashi 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Amsar da aka fi ji a ɗakin awo ita ce, "Ni fa Sista ba na jin komai." Ba ta yi masa faɗa. Takan nuna masa lambar, ta faɗa masa da baki, ta ce ya riƙe ta, ta bayyana masa cewa wannan ciwo ba ya sallama, kuma maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da ake ajiyewa in an ji sauƙi. Ta tambayi abin da yake saya a kemis, domin magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da manoma da 'yan dako ke sha kamar abinci, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda. Ta tambayi dunƙule nawa ake jefawa a miya, tunda gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafin. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka rubuta a Zariya yadda ciwon zuciya ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ko zaɓen magani ma yanzu akwai hujja daga gida: gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin baƙar fata a kan haɗin ferindofiril da maganin sa fitsari.

Ina roƙon masu riƙe da asibitoci da makarantun jinya su sayi maɗauri kala uku a kowane ɗakin awo, ƙarami da matsakaici da babba, kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a gadon mai shanyewar jiki ba. Kai kuma ɗalibi, ke kuma ɗaliba, ku nemi abin sauraren nan na koyarwa mai kunnuwa biyu, ku roƙi sistar da ta fi kowa daɗewa a ɗakin ta saurara tare da ku, kowa ya rubuta tasa lambar a ɓoye sa'an nan a gwada. Ku yi ta yi har tazarar da ke tsakanin taku da tata ta daina wuce maki 4.